Mitar Zamani da Awon Iskar Gas na Girki: Nazari Daga Ƙasar Ɗandume

1.0 Gabatarwa

Awo tsohon abu ne a rayuwar Bahaushe. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Ɗandume, a kudancin Jihar Katsina, ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai an daidaita a kan ma'auni, ko dai mudu ko tiya ko buhu. Mai saye yana tsaye ake zuba masa masara, yana kallon inda ta cika har ta yi tsororo, idan kuwa bai gamsu ba sai ya ce a juye a sake. Wannan ne ya sa al'umma ta ɗauki tauye mudu a matsayin babban abin kunya ga ɗan kasuwa, kamar yadda addini ma ya yi kakkausan hani a kansa.

Sai dai kuma zamani ya zo da wasu kayan masarufi waɗanda ido ba ya ganin awonsu, kamar wutar lantarki da katin waya da iskar gas. A irin wannan ciniki mai saye ba shi da abin dogaro illa na'urar da aka ce ita ce ke yin awon. Saboda haka, wannan babi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, wato mitar zamani ta awon iskar gas a gidaje. Za a duba ma'anarta da tarihinta da yadda take aiki, sannan a auna amfaninta da matsalolinta da ma'aunin rayuwar mutanen Ɗandume da sauran garuruwan manoma na yankin Funtuwa da Malumfashi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Mita

A Hausar yau kalmar mita tana ɗauke da ma'anoni uku. Ta farko ita ce ta asali, wato yawan nanata ƙorafi a kan abu guda, kamar a ce, "Wance ta cika mita." Sauran biyun aro ne daga Ingilishi. Akwai mita ta awon tsawo, wadda guda 1,000 ke ba da kilomita ɗaya, akwai kuma mita da ke nufin na'urar da ke ƙidaya yawan abin da ya ratsa ta cikinta, kamar mitar wuta da mitar ruwa. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce abin nufi a wannan babi.

2.2 Iskar Gas

Gas ɗin da ake girki da shi iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su tun daga farko:

(a) Gas na bututu: Shi ne wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a tura shi ta bututu har cikin gidaje da masana'antu kamar yadda ake tura ruwan famfo. Mafi yawansa sinadarin mitan ne. Ya fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi, don haka idan ya yi yoyo sama yake tashi. Ana auna shi da mita kubik, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne. Wannan daidai yake da lita 1,000, kimanin cikin durom biyar ke nan.

(b) Gas na tukunya: Shi ne wanda aka matse ya zama ruwa, aka ɗura a tukunyar ƙarfe da wasu ke kira silinda. Haɗin sinadaran furofen da buten ne, ana kuma samun sa daga matatun mai da wuraren tace gas. Ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, ya taru a lunguna da ramuka. Da kilo ake sayar da shi, kuma tukwanen da aka fi sani su ne masu kilo 3 da 6 da 12.5 da 25 da 50.

Dukkan nau'o'in biyu ba su da wani wari mai ƙarfi a asalinsu. Warin da ake ji wani sinadari ne da ake zubawa da gangan domin hanci ya gane yoyo. Wannan dabara ta yaɗu ne bayan fashewar gas da ta auku a wata makaranta a garin New London na Jihar Texas ta Amurka a shekarar 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai.

2.3 Mitar Zamani

Mitar zamani, wadda ake iya kira mita mai ƙwaƙwalwa, ita ce mitar da ta haɗa ayyuka huɗu: tana auna gas, tana adana lissafin abin da ta auna, tana aika wannan lissafi ga kamfani ba tare da an turo ma'aikaci ba, sannan tana karɓar umarni daga nesa, ta buɗe gas ko ta rufe shi. Tsohuwar mita kuwa aiki na farko kaɗai take yi, sai ma'aikaci ya zo ya karanta lambobin da ke fuskarta.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Mitar Gas

A Ingila aka fara sayar wa jama'a gas ta bututu. A shekarar 1812 aka kafa kamfanin Gas Light and Coke Company a birnin Landan, wanda ke samar da gas daga kwal domin kunna fitilu. Da farko kuɗin da ake karɓa ya danganta ne da yawan fitilun mutum da tsawon lokacin da aka ƙiyasta zai kunna su, wanda hakan ya jawo gardama tsakanin kamfani da masu saye. Wajen shekarar 1815 wani injiniya mai suna Samuel Clegg ya ƙera mita mai aiki da ruwa a cikinta. A shekarun 1840 kuma aka samu busasshiyar mita, wadda ake danganta kyautata ta ga Thomas Glover, kuma har yau tsarinta ne ake bi a miliyoyin gidaje.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka fito da mitar da ake jefa wa kwabo kafin ta saki gas. Wannan ce ta buɗe wa leburori da sauran masu ƙaramin ƙarfi ƙofar girki da gas, domin mutum yana sayen daidai abin da aljihunsa zai iya a ranar. A shekarun 1980 kamfanonin gas na Japan suka fara sanya ƙaramar kwamfuta a cikin mita, yadda za ta rufe gas da kanta idan an yi girgizar ƙasa mai ƙarfi, ko idan ta ga gas yana zuba fiye da ƙima. Da wayar salula da intanet suka bunƙasa sai aka haɗa mita da hanyoyin sadarwa. Ƙasar Faransa, alal misali, ta sanya wa masu amfani da gas kimanin miliyan 11 mitar da ake kira Gazpar, a wani aiki da aka faɗaɗa daga shekarar 2017. Ingila da Italiya ma sun bi wannan hanya. A nahiyar Afirka kuwa, Masar da Aljeriya su ne suka yi nisa wajen kai gas na bututu gidajen jama'a.

4.0 Yadda Mitar Zamani Take Aiki

4.1 Sassanta

Kowace mitar zamani tana da waɗannan sassa:

(i) Ma'auni, wanda ke ƙidaya gas ɗin da ya wuce.
(ii) Ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke lissafi da adana bayanai.
(iii) Bawul, wato makullin da ke buɗe hanyar gas ko ya toshe ta.
(iv) Sashen sadarwa, wanda a wasu mitoci layin waya ne irin na salula, a wasu kuma na'urar rediyo ce mai gajeren zango.
(v) Batir, domin ba a haɗa mitar gas da wutar gida saboda gudun tartsatsi. A mitocin bututu ana ƙera batirin ya yi shekara 10 ko fiye.
(vi) Fuska, inda ake ganin abin da aka sha da abin da ya rage.

4.2 Hanyoyin Awo

Hanya ta farko ta yi kama da zugazugin maƙeri. A cikin mitar akwai wasu jakunkuna masu motsi waɗanda aka san iyakar abin da kowace ke ɗauka. Yayin da ɗaya take cika da gas, ɗayar tana juye nata zuwa murhu, haka za su yi ta karɓa-karɓa. Duk cika da juyewa ana ƙirga ta, kamar dai yadda mai awo ke ƙirga tiya har buhu ya cika.

Hanya ta biyu da sauti take aiki. An san cewa idan mutum ya yi kira ta inda iska ta nufa, muryarsa takan isa da sauri fiye da idan ya yi kiran yana fuskantar iskar. To haka mitar take aika wani siririn sauti da kunne ba ya ji, sau ɗaya ta inda gas ya nufa, sau ɗaya kuma ta inda ya fito. Bambancin lokacin isar sautukan biyu shi ke nuna saurin gas ɗin, daga nan sai ƙwaƙwalwa ta lissafa yawansa. Irin wannan mita ba ta da wani sashe mai motsi da zai goge ya lalace.

Har ila yau, gas yana kumbura idan ya ji zafi, ya takure idan ya ji sanyi. Ke nan mita kubik ɗaya ta watan Afrilu ba ta kai ta lokacin hunturu auki ba. Mitocin zamani da yawa suna auna zafin gas ɗin su daidaita lissafi, wanda hakan muhimmi ne a ƙasa mai zafi irin ƙasar Hausa.

4.3 Matakan Saye

A tsarin biya kafin sha, mai gida yana tura kuɗi ta wayarsa ko ta wurin mai POS. Kwamfutar kamfani sai ta mayar da kuɗin zuwa adadin gas, ta aika wa mitar saƙo. Mitar ta buɗe bawul, ta riƙa rage lissafi yayin da ake girki. Idan abin da aka saya ya kusa ƙarewa sai ta yi gargaɗi, idan ya ƙare ta rufe.

5.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, domin abin da aka tabbatar da shi ya haura ƙafa kubik tiriliyan 200. Duk da haka, bututun da aka shimfiɗa, kamar wanda ya tashi daga Escravos zuwa Legas, tashoshin lantarki da masana'antu yake yi wa hidima. A ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, domin kawo gas Arewa. A shekarar 2021 kuma gwamnati ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas, aka kuma sanya hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta kafa hukumar NMDPRA mai ba da lasisin adana gas da rarraba shi da sayar da shi.

Amma babban bututu tamkar babbar hanyar mota ne. Kafin gas ya isa madafar gida sai an shimfiɗa ƙananan bututai unguwa-unguwa, lungu-lungu, wanda aiki ne mai cin maƙudan kuɗi, kuma kamfanoni ba sa shiga cikinsa sai inda gidaje suka cunkushe, masu saye suka yawaita. Saboda haka babu gas na bututu a gidajen Ɗandume ko Funtuwa ko Malumfashi. Wanda ake amfani da shi na tukunya ne, wanda akasari manyan tankoki ke ɗaukowa daga kudancin ƙasar. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny ya fara ware wa kasuwar cikin gida gas na girki tun shekarar 2007. A Jamhuriyar Nijar kuwa, matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 tana samar da irin wannan gas.

Mitar da mutanen yankin suka fi sani ita ce ta wutar lantarki, wadda ake kira mita mai kati. Tun da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamba na 2013, kamfanin KEDCO ne ke kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Yawan ƙorafin jama'a a faɗin ƙasar a kan bil na kintace ya sa hukumar NERC ta fito da tsarin samar da mitoci a 2018, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci a 2020. Wanda ya saba da loda lambobi 20 a mitar wuta ba zai sha wahalar fahimtar mitar gas ba.

6.0 Mitar Kan Tukunya: Misali Daga Gabashin Afirka

Rashin bututu bai hana amfani da mitar zamani ba. A Tanzaniya kamfanin KopaGas ya ƙera mitar da ake ɗaurewa a bakin tukunyar gas, kuma a watan Janairu na 2020 kamfanin Circle Gas ya sayi wannan fasaha. Reshensa na Kenya, mai suna M-Gas, yana kai wa gida tukunya cike da gas tare da murhu da mita, amma tukunyar da gas ɗin da ke cikinta mallakar kamfani ne. Uwargida tana biyan kuɗin abin da za ta dafa ne kawai ta hanyar M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya. Da yake mitar tana sanar da kamfani abin da ya rage, ma'aikaci yakan kawo sabuwar tukunya kafin ta farko ta ƙare. Wani bincike da aka gudanar a unguwar marasa galihu ta Mukuru da ke Nairobi, a lokacin kullen korona na 2020, ya nuna cewa mafi yawan gidajen da ke kan wannan tsari sun ci gaba da girki da gas, alhali da yawa daga masu sayen cikakkiyar tukunya sun koma wa kalanzir da itace.

Wannan nau'i na mita shi ne ya fi kusa da yanayin gari irin Ɗandume, don haka a kansa za a fi mayar da hankali a sauran bayanin.

7.0 Amfanin Mitar Zamani ga Mutanen Ɗandume

Ƙaramar Hukumar Ɗandume tana da mutane kimanin 145,000 a ƙidayar 2006, kuma mafi yawansu manoma ne na masara da dawa da shinkafa da waken suya da auduga. Yankin ya daɗe da sanin sabbin dabarun noma, domin a Funtuwa aka kafa ɗaya daga cikin ayyukan bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da Gombe. Amma a fannin girki, itace da gawayi da kara da totuwar masara su ne abin dogaron yawancin gidaje. Ga wasu hanyoyi da mitar zamani za ta iya taimakawa:

(a) Saye daidai ƙarfi. Kuɗin manomi na lokaci ne. Da kaka hannunsa a sake yake, da damina kuwa komai ya tafi ga taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago. Cefanen yau da kullum kuma a kan ƙulli aka gina shi: ƙullin gishiri, ludayin mai, ɗaurin itace. A ɗauka, don misali kawai, kilo ɗaya na gas Naira 1,200 ne. Cika tukunya mai kilo 12.5 zai ci Naira 15,000 a tashi ɗaya, ban da kuɗin sayen tukunyar da murhu. Da mita kuwa, Naira 300 za ta ba da rubu'in kilo, wanda zai riƙe kan murhu ɗaya fiye da awa guda a matsakaiciyar wuta. Farashin bai sauka ba, amma an sassare shi ya zama ƙanana, irin yadda gida ya saba kashewa.

(b) Gaskiyar awo. Mai kai tukunya wurin ɗuri yana dogara ne da sikelin mai shago, kuma idan ya koma gida ba ya sanin abin da ya rage sai ta hanyar jijjigawa ko ɗagawa. Sau da yawa gas kan ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo. Mita tana nuna abin da aka saya da abin da aka ƙona a lambobi, kowa yana gani.

(c) Kiyaye lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadiyyar mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar cututtukan huhu da zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙar wannan hayaƙi, musamman da damina lokacin da ake hura ɗanyen itace a cikin rufaffen madafi.

(d) Kare daji da rayuka. Sare itatuwa yana tsiraita gonaki ga zaizaya. Bugu da ƙari, matsalar 'yan bindiga da ta addabi Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ta mayar da shiga daji neman itace kasada. A cikin dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu a ƙarshen watan Agusta na 2021, har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Karan da aka bari a gona kuma yakan zama abincin dabbobi ko ya ruɓe ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

(e) Rage haɗari. A tsarin mita, kamfani ne ke ɗura tukwane a ma'ajiyarsa, shi ke da alhakin duba lafiyarsu. Wannan yana rage juye gas daga tukunya zuwa tukunya a shagunan cikin unguwa. Haɗarin irin waɗannan shaguna ya bayyana a ranar 4 ga Janairu, 2020, lokacin da gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane da dama suka rasu, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya.

8.0 Matsalolin da ke Tattare da Ita

Kowane allazi da nasa amanu. Mitar zamani tana da nata matsaloli, waɗanda bai kamata a rufe ido a kansu ba.

Matsala ta farko ita ce dogaro da sadarwa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda dalilan tsaro, cikinsu har da Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi, kuma sai a watan Disamba aka fara mayar da su. Da a ce a wancan lokaci gidajen yankin sun dogara ne da mitar da ba ta buɗewa sai ta samu saƙo, da tukunya tana cike za a kwana da yunwa. Saboda haka mitar da ta dace da yankin ita ce wadda za a iya loda wa lambobi da hannu, ko mai ba da ɗan rancen gas na gaggawa.

Ta biyu ita ce tsada. Mitar kanta kuɗi ce, kai tukwane gida-gida ma kuɗi ne, kuma a ƙarshe duk a kan farashin kilo za a ɗora su. Tsarin ya yi nasara a Nairobi ne saboda gidaje a matse suke, ma'aikaci ɗaya yana iya zaga gidaje da dama a wuni. A ƙauyukan da ke warwatse, masu munanan hanyoyi da damina, lissafin zai bambanta. Haka kuma farashin gas a Nijeriya yana bin darajar Dala da kuɗin sufuri, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Manomin da ke da kara da totuwa kyauta a gonarsa ba zai bar su cikin sauƙi ba.

Ta uku ita ce yanayin girkin kansa. Gidan gandu mai mutum 20 ko 30 yana ɗora babbar tukunya ne a murhun duwatsu uku, ga dahuwar wake da ta ganye masu cin lokaci. Ƙaramin murhun gas ba ya ɗaukar irin wannan tukunya, don haka zai fi dacewa da shayi da ɗumame da girkin ƙananan iyali.

Ta huɗu ita ce ikon da kamfani yake samu. Wanda zai iya buɗe gas daga nesa zai iya rufe shi daga nesa, ko bisa kuskure ko da gangan. Haka nan mitar tana tattara bayanan lokacin da ake girki a gida da lokacin da ba kowa, wanda sirri ne na iyali. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa kamfanoni kiyaye irin waɗannan bayanai, sai dai doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba.

Ta biyar ita ce ita ma na'urar tana buƙatar kulawa. Batir yakan mutu, ƙurar hunturu da zafi sukan taɓa kayan lantarki, manhaja kuma takan tsufa. Masu mitar wuta sun ga misalin haka, lokacin da aka buƙaci kowa ya loda wasu lambobi na musamman domin sabunta mitarsa kafin ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Sannan tilas a samu wata hukuma, kamar Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, da za ta riƙa gwada mitar, domin ma'aunin da mai sayarwa kaɗai ya san gaskiyarsa bai kawar da zargin tauye mudu ba.

9.0 Abubuwan Kula ga Mai Amfani da Gas

Ko da mita ko babu ita, akwai ƙa'idojin da ba a sakaci da su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo:

(i) A ajiye tukunya a tsaye, a wuri mai iska, nesa da rana da garwashi.
(ii) A riƙa duba tiyo da mahaɗarsa da ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso nan ne yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.
(iii) Idan an ji wari a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki.
(iv) A duba shekarar ƙira da nauyin tukunya da aka buga a jikinta. Idan an cire wannan nauyi daga abin da sikeli ya nuna, saura shi ne gas ɗin da ke ciki.
(v) Kada a cika tukunya maƙil, domin ruwan gas yana buƙatar sararin kumbura idan ya ji zafi.
(vi) Kada a ba wani ya kwance mita ko ya yi mata haɗin sata. Abin da ake yi wa wayar lantarki a tsira, idan aka yi wa gas gobara ce.
(vii) Kafin shiga yarjejeniya da kowane kamfani, a nemi sanin farashin kilo, da wanda zai biya gyara, da abin da zai faru idan sadarwa ta katse.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana cewa mitar zamani na'ura ce mai auna gas, ta adana lissafi, ta yi sadarwa da kamfani, ta kuma buɗe ko ta rufe. An ga yadda ta samo asali daga mitocin Ingila na ƙarni na 19, da yadda ta kasu zuwa ta bututu da ta kan tukunya. An kuma nuna cewa ga ƙasar Ɗandume, inda bututu bai kai gidaje ba, ta kan tukunya ce ke da alamar dacewa, saboda ta yi daidai da al'adar sayen kaɗan-kaɗan. Amma dacewarta ta rataya ne a kan abubuwa uku: sadarwar da ba ta yankewa ko hanyar loda ta ba tare da sadarwa ba, farashin da zai iya gogayya da itace da kara, da hukumar da za ta tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa.

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, malamin makaranta ne akan kai wa takarda ya karanta, shi akan tambaya idan baƙon abu ya shigo gari. Malamin da ya fahimci bambancin gas na bututu da na tukunya, ya san abin da lambobin fuskar mita ke nufi, ya kuma iya bayyana su da Hausar da kowa zai gane, zai taimaki magidanta su yi wa wannan na'ura irin tambayar da suke yi wa mai awo a kasuwa, wato su ga cikar mudu kafin su biya.